Idon Agwagwa da Shimfiɗar Takwarana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga uwar takwarana. Bayan gaisuwa, ina fatan kun sauka Maiyama lafiya, ke da yaron da kayanku. Allah ya tsare ku a ɗakin da kinka koma, ya raya shi bisa imani, ya kare shi daga zafi da sanyi da hannun da bai iya riƙo ba. Ki gaida maigidanki. Ki gaida Hajiya mahaifiyarshi, ki durƙusa da kyau.

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina magana a gidan nan kan inda ake kwantar da jariri, kuma har yau ba a taɓa ba ni amsa ba. Ban ce ba a ji ba. Ana ji. Uwarki ta ce, "To, Malam." Gwaggonninki su ce, "To, Yaya." Sai in fita kasuwa in dawo in iske abu yadda na bar shi. In maganar takin gona nake ko ta irin albasa, har maƙwabta kan leƙo su saurara. In na buɗe baki kan jariri kuwa, sai a mai da ni rediyon da anka manta ba a kashe ba. Na gaji da wagga "to". Ita ta sa na zauna yau.

Kin san abin da ya sa takarda ta biyo ki, ba bakina ba. Ke ce ta fari. Tun da anka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama na yi hira da ke ba. In na shigo kin fita, in kin shigo na dubi bango. Haka munka iske ana yi, haka na yi. Duk watannin nan da kinka yi gida na wankan jego, abin da ya haɗa mu bai wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba. Sai da kinka haifi wanga yaro anka sa mai sunana, sannan na samu abin da zan kira ki da shi. Boko kuwa ban yi ba. Abokina Malam Umaru tela ke rubuta mani, kuma na gaya mai in ya sassauta kalma guda zan kai a karanta mani wani wuri in gane.

Maganar rumfar nan ce da Hajiya ta sayo Birnin Kebbi ta aiko ma yaron. Shimfiɗa mai zanen dabbobi, da sanduna biyu masu lanƙwasa da sunka gitta ta bisa kamar tankan rumfa, an rataya masu agwagwa da kifi da ɗan madubi da wata tauraruwa mai kiɗa in an taɓa ta. Ranar da anka kafa ta tsakar gida, matan Sabon Gari har jiran juna sunka riƙa yi su leƙa. Ban ce ba ta da kyau ba. Da idona na ga takwara kwance ƙarƙashinta yana harbin iska, yana bin kifin da ido, bai yi ko tari ba har uwarki ta gama tuƙin tuwo. Abin da ke sa yaro ya miƙa hannu ya motsa ƙafa ba zan zage shi ba.

Amma ni mai albasa ne. Tun ina saurayi nake ɗauko kaya daga Aliero zuwa Jega, kuma ban taɓa zuba albasa cikin buhun da ban ja ɗinkinshi ba. Da mata sunka watse na tsuguna, na kama agwagwar, na ja idonta da yatsa biyu. Ban sa ƙarfi ba. Idon ya biyo hannuna, baƙi, mai santsi, bai kai ƙwayar gujiya ba.

Uwarki ta fito da muciya a hannu. Ta ce, "Malam, me zan gani haka? Ka ƙwaƙule ma agwagwar surukai ido?"

Na ce, "Da kanshi ya fita."

"Da kanshi. Yana zaune lafiya tun daga Birnin Kebbi, sai da ya gan ka ya fita."

Na ce, "In hannuna ya cire shi, na yaron ma zai cire."

Ta ce, "Hannun da ke ɗaga buhu za ka haɗa da na jinjiri? Tashi ka tafi masallaci, an kusa kira."

Kina ɗaki kina ji, na ga labule ya motsa. To, jinjirin da take faɗi, ranar nan ya damƙi gemuna sai da hawaye ya zubo mani, kuma ɗan gashin da ya samu bakinshi ya nufa da shi. Duk abin da ya kama yanzu baki yake kai shi.

Washegari uwarki ta aika anka sayo gam, ta manne idon, ta hura mai iska, ta naɗe rumfar ta sa cikin kayanki don kada Hajiya ta ga aibi. Na yi magana, ta ce "To, Malam." Yanzu haka da nake zaune shagon Malam Umaru, idon nan yana Maiyama yana reto bisa fuskar yaron, ba abin da ke riƙe da shi sai gam. Tun da motarku ta tashi tuwo bai yi mani daɗi ba.

Bari in ba ki labarin katifa. Kin sha jin shi, don uwarki ba ta barin taron suna ya watse ba ta ba da shi ba, amma rabi take bayarwa.

Kina 'yar wata huɗu ko kusa da haka. Ni na sayo katifar, ban taɓa musawa ba. Albasa ta yi kyau shekarar, sai na ga wata 'yar katifa ta audugar rimi, mai laushi, in ka ɗora hannu ya nutse har wuyan hannu. Na ce a raina ɗiyar fari ba za ta kwanta bisa kaba ba. Kunya ta hana in ce taki ce, sai na ba Inna kakarki na ce ta riƙa jingina bayanta. Ta gane. Wata la'asar anka shimfiɗa maki ita gindin darbejiyar tsakar gida. Uwarki ta shiga wanka, Inna ta leƙa maƙwabta. Ni ina zaure tare da Baba, kakanki, da ƙannenshi, muna gyaran igiya. Ta ƙofa na hango kin birkice, fuskarki ta nutse cikin audugar, ƙafafunki na motsi, ba kuka.

Ga abin da na yi. Na yi gyaran murya. Na ce, "Wa ke cikin gida?" Shiru. Na ƙara ɗaga murya, "Ba kowa ne cikin gidan nan?" Shiru. Baba na gefena, kuma gabanshi ban taɓa ko duban inda kike ba, balle in ɗauke ki. Ƙafata ta ƙi tashi. Shi ne ya bi idona ya gani, ya ture ni ya shiga da gudu, tsoho da shi, ya juya ki. Fuskarki ta riga ta sake launi. Sai da ya jijjiga ki ya hura maki iska sannan kinka tsala kuka. Ya miƙa ki ga uwarki da ta fito da kumfa a kai, ya dawo ya zauna ya ɗauki igiyarshi, ya ce, "Garba, ni za ka ji ma kunya ka bar ta ta mutu? In ta mutu wa zai gode maka?"

Nan uwarki ke tsayawa mata su yi ta dariya. Ba ta faɗin cewa sau biyu na kira ba wanda ya amsa. Ba ta faɗin wanda ya ajiye jinjira ita kaɗai ya tafi. Ni na ɗauki nawa, har yau ina jiran wani ya ɗauki nashi.

Abin da za ki riƙe daga nan: laushi ba gata ba ne ga yaron da ya fara birkita. Duk shimfiɗar da za ki saya mai, ki dunƙule hannu ki danna ta. In ta bar rami, ki bar ma mai ita kayanshi. Wadda ake so ita ce mai tsare kai daga buguwa amma ba ta haɗiye fuska. Kada ki tara mai filo da bargo kewaye don kyau. Kuma shimfiɗa ba ta reno, rumfa ba ta reno. In za ki shiga wanka ko madafi, ki ba wani shi hannu da hannu, ki ji ya amsa da bakinshi. In barci ya ɗauke shi wurin wasa, ki ɗauke shi ki kwantar da shi rigingine inda yake kwana. Abu na biyu da za ki riƙe kuwa shi ne dalilin takardar nan duka: abin da ya riƙe mani ƙafa ranar nan, shi zai riƙe maki hannu gidan Hajiya. Na san shi, don ni na gadar maki.

Da anka haifi ƙanenki Mamman na rantse ba ni ba laushi. Na sayo tabarmar roba mai ja da kore. Kuskurena shi ne iri ɗaya ce da sauran tabarmin gidan, ba mai iya rabe su. Wata rana anka shanya barkono bisa tabarmar tashi, anka kwashe, anka kakkaɓe, da yamma anka kwantar da shi ba riga. Ya murza hannu a tabarma ya murza ido. Ya yi kuka har muryarshi ta dushe. An ce iska ce, an ce baki ne, an kawo garwashi an yi hayaƙi. Yaro dai sai ƙara kumbura yake. Can na tsuguna na kai hanci ga tabarmar, atishawa ta kusa kayar da ni. Kin san abin da anka ce bayan idonshi ya washe? An ce tabarmar Malam ce ba ta da kyau. Mata huɗu a gidan lokacin, ba wadda ta shanya barkono. Da ƙafarshi ya hau, kamar yadda ake so in yarda.

Don haka shimfiɗar yaro ta zama tashi shi kaɗai, launinta daban da na kowace tabarma a gidan. Ba a tsince shinkafa bisanta, ba a shanya kuɓewa, ba a shimfiɗa ma baƙuwa komi girmanta. In ya gama wasa ki kakkaɓe ki naɗe ki rataye ga ƙusa, inda kaza da kyanwa ba su kai. Ki zaɓi mai wankuwa, don tumbuɗi da fitsari ba su jiran ranar wanki. Wadda ba a iya cire rigarta a wanke, kwana kaɗan za ta fara tsami, kuma shi ne mai kifa fuska ya lasa. In kin shanya ta rana, musamman mai roba, ki taɓa da bayan hannu kafin ki ɗora shi. Kin san zafin bazarar ƙasar nan, roba na riƙe shi kamar kasko.

Labari na uku ba shi da nisa, ɗiyar Mamman ta fara rarrafe lokacin. Ranar kasuwar Jega na ga wani yana sayar da soso mai launi-launi, guntu-guntu ana haɗa su kamar haƙora, kowane da harafin boko a tsakiya. Ya ce mani, "Baba, yaron da ya yi rarrafe bisa wannan, kafin yaye ya fara karatu." Ni da ban san sunan ko ɗaya cikin haruffan ba, ni da anka tura gona ranar da sa'o'ina sunka tafi makaranta, maganar ta shige ni. Na buɗe ledar na ji wari kamar na fetur. Da albasa ce mai wanga wari ko kyauta ba ni karɓa, amma na ce ma kaina warin sabunta ne. Ban ja komi ba, ban danna komi ba, na ɗauko na taho ina jin daɗi. Ba a yi sati ba yarinya ta gano haruffan na fita. Ta cire wani mai ƙugiya ta gatsa. Uwarta ce ta ga kumatunta cike, ta sa yatsa ta zaƙulo guntu kore. Wannan karon ba wanda zan ɗora ma, kuma ba a bar ni na manta ba.

Ki saya da hanci kafin ido. Abin da ya yi wari a kasuwa zai yi wari a ɗaki, kuma hancin yaro ya fi naki kusa da shi. Ki jiƙa yatsa ki murza zanen, in launi ya biyo ki ki ajiye. Ki sa farce ga gefe ki gwada, in yana gutsurewa haƙori zai fi farcenki iyawa. Faifai guda mai faɗi ya fi guntaye goma masu haɗe-haɗe, ko don ƙurar da ke shiga tsakaninsu. Mai kaya kuma in ya fara yi maki alkawarin karatu da wayo, ki gaishe shi ki wuce. Karatu na nan zuwa, Allah ya kai shi.

An gaya mani maigidanki ya sa tayil a sabon ɗakin. Madalla. Amma tayil sanyi gare shi da santsi. Ni nan na taɓa taka tabarma bisa tayil gidan wani Alhaji, ta gudu da ni, sai da anka kai ni wurin masu ɗori a Aliero. Ki shimfiɗa, ki taka, ki tura da ƙafa. In ta tafi, za ta tafi da ke ranar da kike ɗauke da shi.

Yanzu ga abin da nake so ki yi da rumfar, kuma yau, ba gobe ba. Agwagwar ki cire ta gaba ɗaya. Kada ki tsaya ga idon da anka manne, ɗayan ma ɗan uwanshi ne. Sauran ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ja, ki ja da ƙarfin da kike jin ya yi yawa. Wanda idonshi ɗinkin zare ne ya zauna, wanda anka liƙa ko anka sa ma dutsen ado ya sauka. Igiyar da ta wuce tsawon tafin hannunki ki rage ta, kada ta naɗe mai yatsa ko wuya. Madubin ki ƙwanƙwasa, in gilashi ne na gaske ki ɗauke. Tauraruwar nan mai kiɗa na juya bayanta ranar, kafin a kore ni masallaci. Murfin ba shi da noti, da farce na buɗe shi, batir ɗin ciki kamar maɓallin riga. Ko a ɗaure murfin yadda ke kanki sai da ƙarfe za ki buɗe, ko ta bar ɗakin. Sandunan ki girgiza su ki ga ko suna faɗuwa. Ranar da ya fara zama yana kama abu yana neman tashi, ki kwance su duka ki bar mai fili. Aikinsu ya ƙare.

Na san abin da kike cewa a ranki. Hajiya na gida ɗaya da ke, kullum za ta shigo ganin jikanta, za ta duba ta ga ba agwagwa. Kada ki ɓoye, ɓoyo shi ke kawo zargi. Ki ɗauki agwagwar ki same ta ɗakinta, ki gaishe ta, ki gode mata, ki sa mata ita a hannu ki ce, "Hajiya, ja idon nan ki gani." Mace ce da ta reni 'ya'ya, don ƙauna ta sayo, kuma jikanta ne kamar yadda yake nawa. In bakinki ya yi nauyi, ki ɗora mani. Ki ce tsohon nan ne mai taurin kai, shi ya ƙwaƙule, shi ya matsa. Ba ƙarya kinka yi ba, kuma duk Jega an san ni da haka. Gara Hajiya ta ce surukinta ba shi da ta ido, har ƙarshen rayuwata in ta ga dama.

Tare da takardar nan ɗan kabu-kabu mai mashin zai ba ki naɗi guda. Tabarmar kaba ce sabuwa daga Jandutsi, na bi gefenta da tafin hannu ba tsinke ko ɗaya. Akwai soso mara kauri mai tauri, Malam Umaru ya ɗinka mai riga biyu na atamfa, ki wanke ɗaya ki sa ɗaya, ya kuma sa ma tabarmar roba ta ƙasa don tayil. Na ja ɗinkin gabanshi har ya ji haushi, ga shi nan yana rubutawa yana harara ta. Ban ce ki jefar da ta Hajiya ba. Ki sa tawa ƙasa, ki kafa rumfarta bisa, yaro ya kwanta tsakanin kakanninshi.

Allah ya ba ku zaman lafiya, ya haɗa kanku ke da mijinki da mutanen gidan. Allah ya tsare takwarana a kwance da zaune, ya tsare bakinshi da numfashinshi, ya nuna mani ranar da zai tako da ƙafarshi ya shigo zauren nan. Allah ya yi maki albarka. Ban taɓa faɗa maki da baki ba, ga shi a takarda.

Ni ne mahaifinki, Garba mai albasa, Sabon Gari, Jega.

Malam Umaru ya ajiye biro, na ce ya ɗauka, ban gama ba. Amsa nake so, kuma ba "to" ba. Ki rubuto ko ki sa mijinki ya rubuto, a gaya mani an cire ko ba a cire ba, me Hajiya ta ce, kuma bisa me yaron ke kwance. Ɗan kabu-kabun ya san rumfata a kasuwa. In ranar kasuwa ta zo ta wuce ban ji komi ba, zan ari almakashin Malam Umaru in hau mashin in taho Maiyama. Uba ba ya zuwa gidan ɗiyarshi ta fari, na sani, duk garin za su yi magana. Su yi. Zan zauna zauren surukaina da almakashi a hannu, kuma ba ni tashi sai wani ya fito ya ba ni amsa.